Cinikin biri a sama: Me ya sa gwajin injin neman zinare a iska bai wadatar ba?

A watan Maris na 2025 farashin zinare ya haura dala 3,000 kowace oza a karon farko a tarihi, a watan Oktoba na shekarar kuma ya wuce dala 4,000. A wannan farashi, giram ɗaya na zinare, wanda girmansa bai fi ƙwayar dawa ba sosai, ya kai kimanin dala 129.

Wannan lissafi ne ke sa matasa sayar da babur, ko dabbobi, ko ma gonar gado, domin su mallaki injin neman zinare. Wasu kan haɗa kuɗi su uku ko huɗu su saya tare, wasu kuma wani mai hali ne ke saya musu bisa sharaɗin a raba abin da aka samu.

Sai dai yawancin cinikin a kan ƙulla shi ne bayan gwaji iri ɗaya. Mai sayarwa zai kunna injin a cikin shago ko a bidiyon TikTok da Facebook, ya kaɗa zobe ko kwabo a gaban faifansa, injin ya yi ƙara tun daga nesa, mai saye ya gamsu ya biya. Wannan shi ake kira gwajin iska. Masu ƙera injinan da masu aikin tono nakiyoyi sun daɗe da sanin cewa gwajin yana da amfani, amma ba ya faɗa wa mutum abin da injin zai yi idan ya haɗu da ƙasa.

Daga Jado zuwa Ɗan Isa

Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura ita ce ke kai matafiyi iyakar Kongolam, daga nan sai Matamaye da Damagaram, har zuwa Agadas. Ƙaramar hukumar Babura ma tana da iyaka da Jamhuriyar Nijar. Don haka labarin zinaren Nijar ba baƙo ba ne a wannan yanki.

A watan Afrilu na 2014 aka fara rububin zinare a tsaunukan Jado da ke arewa maso gabashin Nijar, bayan 'yan watanni kuma aka gano na Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane daga Nijar, Chadi, Sudan, Libiya da Najeriya suka kwarara zuwa can. Abin da ya bambanta wannan rububi da na da shi ne injin hannu mai batir, wanda aka fara amfani da shi sosai a Sudan kafin ya bazu zuwa Chadi da Nijar, ya kai Muritaniya a 2016. Gwamnatin Nijar ta rufe wurin haƙar Jado a 2017.

A 2021 kuma sai zinare ya ɓulla a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Katsina. A watan Nuwamba na shekarar ramuka suka rufta a wurin, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Duk wanda ya yi niyyar irin wannan tafiya da injin a kafaɗa, jarinsa gaba ɗaya yana rataye ne a kan tambaya guda: zurfin nawa injin zai iya jin zinare a ƙasar da za a kai shi?

Yadda injin ke ji

A cikin faifan da ake shafawa a saman ƙasa akwai naɗaɗɗiyar waya. Idan lantarkin batir ya bi ta cikinta, sai ta fitar da ƙarfin maganaɗisu da ke shiga ƙasa. Idan ƙarfin ya tarar da ƙarfe, kowane iri ne, sai ya tayar da wani ɗan lantarki a jikinsa, ƙarfen kuma ya mayar da nasa martanin. Wannan martani ne injin ke kamawa ya mayar da shi ƙara a kunnen mai aiki.

Martanin yana raguwa da sauri ƙwarai. Ga ƙaramin abu, idan nisan da ke tsakaninsa da faifai ya ninka biyu, ƙarfin martanin kan ragu har kusan sau 64. Ma'ana, ko da an ninka ƙarfin injin sau biyu, zurfin da zai ƙaru bai wuce kimanin kashi 12 cikin 100 ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake neman ƙananan gutsattsarin zinare a zurfin 'yan santimitoci, manya kuma ba kasafai ake jin su fiye da mita ɗaya ba.

Ko dunƙulen zinare mafi girma da aka taɓa samu da injin hannu, mai nauyin kilo 27, wanda wani mai suna Kevin Hillier ya tono a Kingower ta jihar Victoria a Ostireliya a watan Satumba na 1980, zurfinsa bai wuce kimanin santimita 30 ba.

Injinan da suka fi yawa iri biyu ne. Akwai na VLF, masu aika ƙarfin maganaɗisu ba tsayawa, irin su Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab da Gold Bug 2 na kamfanin Fisher. Sun fi araha, ba su da nauyi, kuma suna jin ƙananan gutsattsari sosai. Sai na PI, masu aika bugu su dakata su saurara, irin su GPX 4500 da ya fito a 2008 da GPX 5000 da ya biyo baya a 2010. Waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Amfanin gwajin iska da iyakarsa

Gwajin iska ba aikin banza ba ne. Yana nuna ko injin na da rai, ko faifai da wayarsa lafiya suke, ko batir na riƙe caji. Yana koya wa sabon shiga bambancin ƙarar ƙusa da ta tagulla da ta zinare. Idan aka ajiye injina biyu samfuri ɗaya, aka saita su daidai, aka gwada su da abu ɗaya, gwajin zai fallasa wanda ya samu matsala ko wanda ake zargin jabu ne. Haka kuma wanda ya rubuta nisan da injinsa ke ji ranar da ya saye shi zai iya sake aunawa bayan wata shida ya ga ko ya fara rauni.

Mafi muhimmanci, gwajin iska yana nuna kusan iyakar ƙarfin injin. Abin da bai ji ba a nisan santimita 20 a iska, babu dalilin sa ran zai ji shi a santimita 40 a ƙarƙashin ƙasa.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki wannan iyaka a matsayin alƙawari. Da farko, a iska babu abin da ke damun injin, don haka mai sayarwa na iya ƙure ƙarfin jinsa zuwa ƙarshe. Da wannan saiti a fili, injin zai yi ta surutu har sai an rage shi, kuma da an rage, nisan da aka gani a shago ya tafi.

Na biyu, abin gwajin kansa. Zobe da'ira ce rufaffiya, lantarki na zagaya ta cikin sauƙi, don haka martaninsa ya fi na gutsuren zinare mai nauyi iri ɗaya wanda ke da ƙusurwoyi da ramuka. Kwabo kuma faɗinsa ya ninka na zinaren da yawancin mahaƙa ke samu sau da yawa, kuma a kan riƙe shi ne a kwance yana fuskantar faifai, alhali a cikin ƙasa abu na iya zama a tsaye ko a karkace.

Na uku, wurin gwajin. Rufin kwano, rodin da ke cikin daɓen siminti, wayoyin lantarki, janareta da wayar salula duk suna shafar injin. Agogo ko zoben hannun mai kaɗa abin gwajin ma na iya zama abin da injin ke ji.

Akwai kuma wani abin mamaki. A iska, injin VLF mai matsakaicin farashi na iya jin ɗan mitsitsin zinare fiye da injin PI da ya ninka shi tsada. Amma a jar ƙasa mai yawan tama, idan ana neman gutsure mai ɗan girma a zurfi, sai lamarin ya juya. Wanda ya yanke hukunci da gwajin shago kaɗai zai iya zaɓar injin da bai dace da wurin da zai je ba.

Ƙasa iri biyu a yanki ɗaya

Mafi yawan jihar Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi, amma kusurwarta ta arewa maso yamma daban take. Tuddai da duwatsun Kazaure da Roni suna cikin wani zirin tsofaffin duwatsu da masana suka laƙaba wa sunan Kazaure, wanda Farfesa U. A. Ɗanbatta na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin waɗanda suka yi nazarinsa. Zirin dangi ne ga na Maru da Anka a Zamfara da na Birnin Gwari a Kaduna, inda aka san da zinare tun zamanin Turawa. Sai dai dangantakar duwatsu ba ita ce shaidar samuwar zinare ba, wannan sai binciken ƙwararru irin na Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Najeriya, NGSA.

Abin da ya shafi mai injin shi ne marmara da jar ƙasar da ke lulluɓe da irin waɗannan wurare. Jan launin nan tsatsar ƙarfe ce. Wani nau'inta yana amsa maganaɗisu sosai, kuma zafin wutar ƙona daji na ƙara samar da shi a saman ƙasa. Baƙin yashin da ke taruwa a bakin rafi bayan ruwan sama, wanda ke manne wa mayen ƙarfe, shi ma haka yake. Idan aka haɗa da tsakuwar tama da kashin maƙera da aka bari a wuraren narkar da ƙarfe na da a ƙasar Hausa, sai a ga cewa ƙasar kanta na mayar wa injin martani, sau da yawa fiye da na zinaren da ke cikinta.

Shi ya sa injinan neman zinare ke da hanyar daidaita su da ƙasa. Mai aiki kan ɗaga faifai ya sauke sau da yawa a wuri mai tsabta har ƙarar ƙasar ta lafa. Amma daidaitawar na da farashi, domin tace hayaniyar ƙasa kan tafi da wani ɓangare na martanin abin da ake nema. Wannan asara ce ba a gani a iska.

A jigawar Babura, inda yashi ya fi yawa, injin zai iya yin kusan abin da ya yi a shago. A gindin tuddan Roni ko Gwiwa, injin nan ɗaya da saiti ɗaya zai iya rasa babban kaso na zurfinsa, ya kuma riƙa kuka a kan duwatsun da ba su da komai. Lokaci ma na da tasiri: ƙasa mai danshi da gishiri ko kanwa tana ɗaukar lantarki, don haka sakamakon rani ba lallai ya yi daidai da na damina ba.

Darasin 1881

Wannan matsala ta girmi injinan zamani. A ranar 2 ga Yuli, 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, likitoci suka kasa gano inda harsashin ya maƙale. Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro tarho, ya haɗa wata na'urar gano ƙarfe domin ya taimaka. Ya gwada ta a kan harsasai a ɗakin bincikensa, ya gwada a kan tsofaffin sojojin da ke ɗauke da harsashi a jikinsu, ta yi aiki.

Da aka kai ta gadon shugaban, sai sakamakon ya rikice. Daga baya aka gane cewa katifar tana da wayoyin ƙarfe a ciki, kuma babban likitan ya taƙaita binciken ga ɓarin dama. Garfield ya rasu ranar 19 ga Satumba, binciken gawa ya nuna harsashin yana ɓarin hagu. Na'urar lafiya take, wurin aikin ne ya sha bamban da wurin gwaji.

Abin da masu tono nakiyoyi suka koya

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan batu da muhimmanci su ne masu tono nakiyoyi, domin kuskurensu rai ne ko ƙafa. Tun 1941 da wani jami'in sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera injin gano nakiya da aka yi amfani da shi a yaƙin El Alamein a Masar a 1942, aikin ya dogara ne da irin wannan fasaha. A Najeriya ma, sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi, UNMAS, yana aiki a Arewa maso Gabas tun 2018.

A 2003 ƙwararru a Turai suka amince da ƙa'idar gwajin injinan gano nakiya mai lamba CWA 14747. Ƙa'idar ba ta watsar da gwajin iska ba, amma ta sanya shi a matakin farko, inda ake auna ƙarfin ji da ko injin na canzawa idan batir ya yi sanyi ko zafi ya ƙaru. Daga nan sai gwaji a cikin ƙasa daban-daban. Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ɓoye, inda ake binne abubuwa ba tare da mai riƙe da injin ya san wurinsu ba, a ƙirga nawa ya gano, nawa ya tsallake, sau nawa kuma injin ya yi ƙarar ƙarya. A 2008 aka ƙara kashi na biyu wanda ya keɓanta ga auna ita kanta ƙasar.

An yi irin waɗannan gwaje-gwaje a Laos a 2004 da Mozambik a 2005, suka nuna cewa wasu injinan da ke yin kyau a yashi sukan yi rauni ƙwarai a jar ƙasa mai amsa maganaɗisu. Zurfin da ƙa'idojin duniya suka saba ɗauka a matsayin mafi ƙanƙanta wajen tsaftace fili santimita 13 ne kawai, amma duk da haka ba a yarda injin ya shiga aiki sai an tabbatar yana kai wannan zurfi a ƙasar wurin.

Gwajin da kowa zai iya yi

Mai neman zinare ba ya buƙatar ɗakin bincike kafin ya kwaikwayi wannan tsari. Abin da ake buƙata shi ne fili nesa da wayoyin lantarki, tef ɗin awo, littafi da biro, da abin gwaji mai girman abin da ake sa ran samu. Idan babu gutsuren zinare, masu sana'ar kan yi amfani da ɗan guntun dalma mai nauyin rabin giram ko giram ɗaya, saboda martaninta ya yi kusa da na ƙaramin zinare. A naɗe ta cikin leda, a kuma nisanta ta da yara.

Bayan an share wurin da injin an tabbatar babu ƙarfe, sai a haƙa rami, a huda bangonsa ta gefe a zurfin santimita 5, 10, 15, 20 har zuwa inda ake so. A ɗaura abin gwajin a kan kara a tura shi cikin hudar, sannan a shafa faifai daga sama. Amfanin hudar gefe shi ne ƙasar da ke kan abin gwajin ba a taɓa ta ba, saɓanin ramin da aka haƙa aka mayar, wanda sakin ƙasarsa kan canza sakamako.

Dole a daidaita injin da ƙasar, a rage ƙarfin ji har ya natsu, a kuma yi shafar da saurin da za a iya jurewa yini guda. A maimaita a yashi, a maimaita a jar ƙasa, a rubuta duka. Sannan abokin tafiya ya binne abubuwa a ramuka biyar cikin goma, ya bar sauran babu komai, mai injin ya zo ya nema. Wanda ya san inda abu yake, kunnensa kan jiyo masa abin da yake so ya ji.

Ƙirga ƙarar ƙarya na da muhimmanci kamar auna zurfi. A hamadar da ake sayen ruwan sha da tsada, kowane ramin banza ƙarfi ne da guzuri da suka tafi. Kuma idan an isa wurin aiki, sai an sake gwajin, domin marmarar Roni ba ita ce duwatsun Agadas ba.

Jabu da na bogi

Kamfanin Minelab, wanda aka kafa a Adelaide ta Ostireliya a 1985, ya sha gargaɗin masu saye a kan jabun injinansa, musamman samfurin GPX, da suka cika kasuwannin Afirka. Jabun kan yi kama da na gaske a kwali da fenti, kuma da yawansu za su yi ƙara idan an kaɗa musu zobe. Jar ƙasa ce ke tona asirinsu.

Waɗanda suka fi haɗari su ne na'urori masu eriya da ake cewa suna nuno zinare daga nisan ɗaruruwan mitoci ko zurfin mita goma da ɗoriya. Irin wannan ikirari ya saɓa wa lissafin raguwar martani da aka ambata a baya. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan kasuwa James McCormick shekara 10 saboda sayar da na'urar ADE 651 a matsayin mai gano bama-bamai daga nesa. An sayar da ita ga Iraki da wasu ƙasashe, ciki har da Nijar, alhali asalinta wani abin wasa ne na neman ƙwallon golf. A hannun mai talla tana nuna daidai, domin ya san inda aka ajiye abin. A gwajin ɓoye ba ta wuce canki-canka ba.

Abin da injin ba ya gani

Ko ingantaccen injin da ya ci gwajin ƙasa yana da iyaka. Dunƙule yake ji, ba ya jin garin zinaren da ya warwatsu a cikin dutse. Yawancin zinaren Zamfara irin wannan ne, sai an fasa dutse an niƙa an wanke, kuma wannan niƙa a cikin gidaje ce ta jawo gubar dalmar da ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Wanda ya kai injin hannu irin wannan wuri zai iya yini a kan dutse mai zinare bai ji ƙara ko ɗaya ba.

Akwai kuma doka. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta samun izini kafin bincike ko haƙa, ko da a gonar mutum ce. Ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja ne ke bayar da lasisi, ana kuma ƙarfafa ƙananan mahaƙa su yi rajista a ƙungiyance. A Zamfara an haramta haƙar ma'adinai baki ɗaya daga Afrilun 2019 har zuwa Disambar 2024 saboda matsalar tsaro. Mallakar injin ba ta maye gurbin takarda.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar saye, sharaɗin da ya fi kare masa dukiya shi ne ya nemi a fita da injin daga shago kafin kuɗi su bar hannunsa, ko a rubuta yarjejeniyar mayarwa a gaban shaidu idan ya faɗi gwajin fili. Daga cikin garin Kazaure zuwa wurin da za a samu marmara da yashi duka tafiyar ɗan lokaci ce a babur, kuma kuɗin man bai kai ko kusa da kuɗin shanun da aka sayar ba.